Uban Amarya a Ƙofar Filin Ƙwallo

Asabar ce, ƙungiyar ƙwallon jami'ar garinmu a Mississippi tana wasa a gida. Bana ko wasa ɗaya ba ta ci ba, rabin kujeru babu kowa. A ƙofar shiga ga wani dogon dattijo ya sha baƙar kwat da farin fure a ƙirji, amma hularsa ta ƙungiya ce, duk ta koɗe. Yana miƙa tikiti yana duba agogo.

"Mista Dewitt, ba yau ne auren 'yarka ba?" in ji matar da ke tsaron ƙofa.

"Ƙarfe uku, Loretta. Wa ya aike ta sa biki ranar wasa? Shekara talatin da takwas ban yi fashi ba. In taka ciki kawai in fito."

Uku saura kwata, kuma da alama shi zai riƙo hannun amarya a coci. Ya taka ciki, ya juya zai fita, sai gangunan ɗalibai suka tashi. Wayarsa tana ruri. Ya ɗaga yana hawa matakalar kujerun 'yan kallo.

"Ga ni nan, 'yar baba. Ki ce wa fasto ya ƙara waƙa ɗaya."