Fitsarina ne ya koya mana darasin

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ni ba. Yau jikana ya dawo daga wanka a kanal ɗin noman rani, sai wani tsohon ciwo ya faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu, kusa da Bunkure, idan yaro ya fara fitsari da jini sai a ce ya zama namiji. Ni ma da na fara, har alfahari na yi. Da shi na girma, da shi na shiga makarantar koyon aikin lafiya a Kano, wajen tsakiyar shekarun tamanin.

Darasin ƙwayoyin cuta ya gagare mu. Malamin kirki ne, amma Turancinsa kamar ruwan sama a kan kwano. Sai muka haɗa zaman bita a gindin darbejiya bayan la'asar, kowa da ranar da zai koyar da sauran da Hausa.

Ranar Lawan ɗan Madobi, tsargiya ya ɗauka. Ya zana katantanwa a ƙasa, ya ce tsutsar daga jikinta take fita, ta huda fatar mai wanka.

"Alamarta fa?" in ji ni.

"Jini a ƙarshen fitsari."

Na ce, "Kai Lawan, wannan ai balaga ce!"

Ba wanda ya yi dariya.

Wallahi son ganin ƙwaƙwaf ya fi tsoro yawa a raina. Washegari na kawo fitsarina a kwalba, muka roƙi mai kula da ɗakin gwaji, muka sa a madubin likita. Ga ƙwayayen tsutsar nan, kowanne da ɗan tsininsa. Layi aka yi ana leƙa cikina.

A asibiti tsoron ya zo. Likita ya ce, "Mafitsararka ta fara taɓuwa. Da ka ƙara jinkiri, ƙoda ce za ta biyo baya." Gwaji, hoto, ƙwayoyin magani manya masu ɗaci da sa jiri. Baba ya sayar da tumatirinsa tun bai gama nuna ba.

Da aka sake gwaji ba a ga komai ba, Lawan ya ce, "Ka warke, ka bar mu ba kayan karatu!"

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa 'yan gindin darbejiya da alheri.

Ɗalibai, ku koyar da juna da harshen da kuke ji. Iyaye, jini a fitsari asibiti yake nema.

Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce, "Ashe marasa lafiya muke ta yi wa barka."

Gobe zan kai jikana gwaji.