Tsaya Tukuna

Shekara talatin da bakwai Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, ɗan matsattse, tsakanin mai gyaran takalma da wani ɗaki da ake wankin hoto a da. In ya buɗe hannuwansa yakan taɓa bango da bango. A kan teburinsa akwai farin ƙyalle, da hantsaki, da sukundireba sirara kamar allura, da gilashin ido ɗaya wanda ya bar masa zobe a fatar idon dama. A bayansa agogon bango goma sha ɗaya ne ke rataye, kowanne da irin numfashinsa, shi kuwa ya san su kamar yadda uwa ke gane tarin 'ya'yanta daga wani ɗaki.

Duk wanda ya zo masa da gaggawa, amsa ɗaya yake samu: "Tsaya tukuna." Da ita ya yi zaman aure, da ita ya raini 'ya'ya biyar. Huɗu sun girma sun kama gabansu. Saura Auta, mai shekara goma sha biyar, wadda in ta taso daga makaranta takan biyo ta shagon da wani littafi mai jan bango a hammata. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, in tambaye ka?" Shi kuma, gilashi a ido, hantsaki a cikin wani agogo, sai ya ce, "Tsaya tukuna." In ya ɗago kai, babu kowa sai hasken titi.

Akwai wani shirin zane na jarumai masu tashi sama da Auta ke kallo tun tana ƙarama. Da aka daina nuna shi, masu ƙaunarsa suka buɗe wani dandali a waya, kowa na rubuta ci gaban labarin yadda ransa ke so. Auta ta ce ita 'ya'yan jaruman za ta rubuta: matasa huɗu da suka gaji baiwar iyayensu amma ba su iya riƙe ta ba. Wata Lahadi bayan cin abincin rana ta tara gida a falo za ta karanta babi na ɗaya.

Kawu ma ya zo. Ƙanen matar Mai Agogo ne, mai aikin wuta, mutum mai faɗin murya wanda testar gwada wuta ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Ya zauna a kujerar da Mai Agogo ya saba zama, ya miƙe ƙafa.

"Yaya, matso kusa mana," ya ce. "Ko sai an yi maka wani da makulli kamar agogo kafin ka motsa?"

"Ina ji daga nan."

Auta ta fara. Muryarta na rawa da farko, daga baya ta zauna daram. Ga yarinya mai jin maganar ƙarfe, ga yaron da in ya yi atishawa tagogi ke fashewa, ga tagwaye masu musayar inuwa. Mai Agogo ya ji wani abu mai ɗumi na tasowa a ƙirjinsa. Ashe wannan 'yar da ke tsayuwa a bakin ƙofarsa gari guda take ɗauke da shi a hammata.

Sai malamin jaruman ya shigo labarin. Dogo, mai faɗin murya, da testa a aljihu. Sunansa Injiniya.

Kawu ya buga cinya. "Ni ne wannan! Wallahi ni ne! Yaya, ka ji? Har da testata!"

"Na ji," in ji Mai Agogo. Ɗumin nan ya koma tsami, kamar madarar da aka manta a rana.

Ya ci gaba da saurare, amma yanzu neman kansa yake yi. Ya jira wani tsoho mai gilashi, ko mai shago a gefen hanya, ko da mai wucewa ne. Babu. Shafi tara, Injiniya ya yi magana sau goma sha huɗu, ya ƙirga. A ƙarshen babin, mugaye suka ɗaura bam a jikin tsohon agogon hasumiyar birni, mai shekara ɗari biyu, zai tashi in agogon ya buga sha biyu. Injiniya ya daka tsawa: a yanke jar waya! Aka yanke, agogo ya tsaya, birni ya tsira.

Mai Agogo ya buɗe baki. Agogo mai shekara ɗari biyu ba shi da waya, ja ko baƙa. Nauyin ƙarfe ne ke jan sa a hankali, lilo na ƙirga masa taku. Ko ka yanke wutar birnin gaba ɗaya, zai buga sha biyunsa ba fashi.

"Wa ya gaya miki maganar jar waya?" ya tambaya.

"Kawu," ta ce, tana murmushi. "Shi nake tambaya duk abin da ya shafi inji."

Kawu ya shafa ƙirji. Mai Agogo ya dubi ƙirjin, ya dubi testa, ya rufe bakinsa. A ransa ya ce, to, Injiniya ya fitar da ku.

"Baba, ya yi?"

"Ya yi."

Kwana biyu yana juya maganar a ransa. Ya san ranar Laraba za ta ɗora babin a dandali. Ranar Litinin ya karya hannun agogon wata malamar asibiti, abin da bai yi ba tun yana koyo. Ranar Talata matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, kai da wa?" Ya ce shi da kowa lafiya. Ta ce, "Wannan fuskar dai ta gaba ce, ba ta lafiya ba." Ya ga Auta a falo tana kwafe rubutun cikin waya, harshe a gefen baki kamar yadda shi ma yake yi in aiki ya yi tsanani. Ya tsaya a bayanta. Sai ya hango kalmar Injiniya a fuskar wayar, ya wuce ya sha ruwa.

Ranar Alhamis da la'asar ta zo shago. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shigo har gaban tebur ta ajiye wayar a kan farin ƙyallen. Idanunta sun yi ja.

"Karanta."

Ya cire gilashin ido ɗaya ya sa tabarau. Wani mai karatu ya rubuta a ƙarƙashin babin cewa agogon zamanin da ba ya aiki da wuta, wanda bai san wannan ba ya koma aji ɗaya. Mutum ashirin da uku sun bi shi da hoton dariya. Wata ta ƙara da cewa a yanke jar wayar labarin ma a huta.

"Gaskiya ne?" Auta ta ce.

"Gaskiya ne."

"Ka sani tun ran Lahadi?"

Agogo goma sha ɗaya suka ci gaba da taku a bayansa, kamar shaidu. Ƙarya na nan kusa, zai iya miƙa hannu ya ɗauko. Bai ɗauko ba.

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni na ɗora?"

"Ai ba ni kika tambaya ba," ya ce, kuma da kansa ya ji yadda maganar ta fito ƙarama, kamar ta yaron da aka hana alewa. "Kina da Injiniya."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta buɗe jan littafin, ta juya zuwa bangon baya, ta tura masa. Da fensir an rubuta: Tambayoyin Baba. Me ke sa babban agogo tafiya? Yaya ake tsayar da shi? Yana da zuciya? A gefen kowace tambaya akwai 'yan layuka a tsaye, irin na ƙirga kwanaki.

"Sau bakwai na zo," ta ce. "Kullum tsaya tukuna. Kawu kuwa yana kan tsani ya amsa mini, ko juyowa bai yi ba."

"Shi ya sa ya amsa ba daidai ba."

"Amma ya amsa!"

Mai Agogo ya sake duban layukan fensir ɗin. Wani mutum ya leƙo da agogon hannu, yana cewa batir kawai za a canza, minti biyu. Bakin Mai Agogo ya ɗauko kalmar da ya saba, ya juya ga 'yarsa zai faɗa mata. Sai ya haɗiye, ya mayar da fuskarsa ga mutumin.

"Tsaya tukuna," ya ce masa. "Ko ka dawo gobe."

Ya hau kujera ya sauko da mafi tsufan agogon bangon, ya ajiye shi a tsaye a kan ƙyallen, ya buɗe bayansa. Ya miƙa wa Auta gilashin ido ɗaya, wanda ko matarsa ba ta taɓa sawa ba. Ta karɓa ta sa a ido.

"Ga haƙoran da ke cizon juna. Ga lilo. Shi ne zuciyar da kike tambaya. Sa yatsa ki taɓa shi, a hankali."

Ta taɓa. Agogon ya yi tsit. A cikin ɗan shagon, rashin muryarsa ya fi muryar sauran ƙara.

"Shi ke nan?" ta ce. "Da yatsa ɗaya?"

"Na hasumiya sai mutum biyu. Tagwayenki za su iya, in ba sa tsoron tsayi."

Ta ɗauki fensir ta fara rubutu a tsaye, fuska a ɗaure. Ba ta huce ba, ya gani, kuma bai nemi ta huce ba.

"Zan gyara babin," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Kuma na samu mugun da zan sa a labarin. Wani tsoho ne da ya san yadda za a ceci birni, ya yi shiru. In ya ce tsaya tukuna, kowa sai ya daskare."

Mai Agogo ya karɓi hukuncin da sunkuyar da kai. Ya tura lilon da ɗan yatsa, agogon ya ci gaba da numfashi. Can ya yi gyaran murya.

"Wannan tsohon," ya ce, "sau nawa zai yi magana? Don shi Injiniya sha huɗu ya yi."