Tseren Yayana da Kazar Inna

Ko zan manta komai na shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ban da ranar da kazar Inna ta tayar da yayana tsaye.

Yayan nan nawa ɗan ƙwallo ne, da ita yake ci yake sha, har a rediyo ake kiran sunansa. Ana cikin wasa wani ɗan baya ya tare shi, ƙwaurinsa na dama ya karye. Aka kawo shi gidanmu a Soron Ɗinki, aka ɗauko wani tsohon maɗori daga Shahuci. A makon ne kuma taɓarya ta faɗo wa kazar Inna a ƙafa. Da tsohon ya gama ɗori, sai ya ɗaure wa kazar guntun karan da ya rage, yana dariya ya ce, "To, ku yi tsere."

Kaza ta warke, har ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe. Yaya kuwa an kwance masa ɗori, maɗori ya ce ƙashi ya haɗe, amma ya ƙi sakin sanda. Ƙungiyarsu ta aiko cewa in bai dawo atisaye ba, za a ba wani rigarsa. Ni da bakina ba ya shiru, kullum sai na ce, "Yaya, kaza fa ta wuce ka." Harara kawai nake samu.

Wata safiya yana zaune a tabarma, shirwa ta kawo wa 'yan tsakin sura. Inna ta ƙwalla salati daga madafi. Kafin in juyo, Yaya ya tsallake turmi, ya keta tsakar gida a guje yana ihu, shirwa ta tashi ba ta ɗauki komai ba. Ya tsaya yana haki, ya dubi ƙafarsa, ya hango sandar can a tabarma. Inna ta ce, "Ɗan nan, da wace ƙafar ka zo nan?" Mu dariya, shi hawaye.

Ranar da ya koma fili ya ci ƙwallo, a rediyo muka ji, guɗar Inna har maƙwabta. Abokansa suka ce a yanka kazar a yi walima. Yaya ya ce duk wanda ya taɓa ta, shi ma zai ga maɗori. Tsufa ne ya kashe ta.

Tun daga nan na gane ƙashi kan riga zuciya warkewa. Kuma ba gori ke tayar da mai tsoro ba, sai ya ga abin da yake ƙauna zai salwanta.