Ranar da Mai Sikeli Ya Buga Ƙarfen Coci

Ina sallame sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce na ji hon a ƙofar gida, muka ɗauki hanyar Kafanchan gari bai gama wayewa ba. Mu huɗu ne a motar: direba, ɗan sanda mai tsaron lafiya a gaba, ni da mai tafiyar a baya. Mai tafiyar shi ne wanda jama'a ke ce wa Onarabul, ɗan majalisar jiha. Ni kuwa Mai Sikeli na san shi, kuma da shi nake kiransa har gobe. Tun yana yawon ƙauyuka da sikeli ɗaure a bayan keke yana sayen citta nake karɓar kaya a hannunsa ina turawa Kano. Ciniki ne ya haɗa mu ya koma zumunci. Shi Kirista, ni Musulmi, kuma abin bai taɓa tsaya mana a wuya ba.

Gida za shi, kuma tsoron gidan yake ji. Tun daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu shekarun baya, ƙafarsa ba ta taka garin ba. Ya aika shinkafa, ya aika kwanon rufi, ya yi magana a zauren majalisa har rediyo ta ɗauka, amma shi bai je ba. Da farko jami'an tsaro ne suka ce ya dakata, daga baya kunya ta karɓi aikin. Mahaifiyarsa ta daina ɗaukar wayarsa. Yanzu dattawan coci sun aiko masa: Lahadi ce godiyar kaka, in ya zo za su saurare shi, in bai zo ba ya riƙe shinkafarsa. Ga zaɓe ya ƙarato.

Mun wuce Kujama kafin ya buɗe baki. Ya ce, "Malam, ba kujera ce ta hana ni barci ba. A wurinmu in ka dawo daga tafiya, uwa ke tarbar ka da ruwa kafin gaisuwa. In Mama ta miƙo mini ruwa, na dawo gida. In ta bar ni tsaye..."

Hanyar Kachia dai kun san ta. Inda aka gyara mota na gudu, inda ba a gyara ba sai ka riƙe haƙoranka. Akwai wani dogon daji da in an shiga kowa ke yin shiru, direba ya kashe rediyo, ɗan sandanmu ya gyara zaman bindigarsa, ni kuma na karanto duk abin da na haddace har da wanda na manta. Shingayen sojoji kam ban ƙirga ba. Da sun hango lambar motar sai su ƙame su ce a wuce, motocin haya kuwa suna jere a gefe, fasinjoji sun zuba mana ido. Wallahi kallon nan bai yi mini daɗi ba.

A Kachia ƙamshin citta ya tarbe mu tun kafin mu ga gari. An shanya ta a bakin titi, an tsattsaga, amma shanyar ba ta kai ta da ba, don cutar nan da ta ruɓar da gonaki ta karya mutane da yawa, har iri ya gagari talaka. Mutumina bai iya daurewa ba. Ya sa aka tsaya, ya fita da babbar rigarsa ya tsuguna, ya karya ɗaya, ya shinshina, ya ce wa mai kayan, "Wannan da sauran rana biyu." Matar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Oga, saya za ka yi ko wa'azi?" Nan ne na fara ganin ya yi dariya a tafiyar. Doya ma na taya, da na ji farashi na mayar da ita a hankali kamar ƙwai.

Daga Zonkwa zuwa Fadan Kaje hotunansa na kamfe ne a jikin bango da turakun lantarki. Wasu an ƙwaƙule musu ido. A wani wuri akuya ce ta miƙe tsaye tana cin kafaɗarsa. Na ce, "To, ga mai ƙuri'a ɗaya da ke son ka har ciki." Yana kallon hanya ne yana nuna mini wurare: nan kekensa ya taɓa karyewa da buhu biyu, can ya sayi tsohuwar a-kori-kura ta farko, gaba kaɗan inda manoma suka tare shi suka ce tunda sikelinsa ba ya cuta, shi za su tsayar kansila. Daga kansila aka tura shi Kaduna. Ya ce, "Ban nema ba, Malam, su suka ɗora ni." Na ce na sani, ai ina wurin.

Mun shiga Kafanchan da hantsi. Tashar jirgin ƙasa tana nan shiru, ciyawa ta cinye layin dogo, tsofaffin taragu sun zama inuwar awaki. Shagonsa na farko yana bayan tashar, yanzu wani Inyamuri, jikan ma'aikacin reluwe, ke sayar da kayan babur a ciki. Muka ci faten acca da yakuwa a rumfar da muka saba ci tun muna 'yan kasuwa. Mai abincin ta gane shi, ta ajiye kwano ba murmushi, ta ce, "Onarabul, ashe ka tuna hanya?" Faten ya yi daɗi, amma shi cokali uku ya yi ya ture. A nan ya yanke shawarar barin ɗan sandan a wani masauki. Ya tuɓe babbar riga ya sa wata tsohuwar shat, ya ce ba zai shiga gidan uwarsa da bindiga a bayansa ba.

Muka bi hanyar Gidan Waya, dutsen Kagoro yana gefenmu, sannan muka sauka kan jar hanya. Akwai wani rafi da ya yi alkawarin gada a kansa, har yanzu itace ne aka jera. Direba ya haye da addu'a. Ƙauyen da na sani da rufin ciyawa da rumbuna yanzu sabon kwano ne ke ƙyalli a tsakanin bangayen da wuta ta baƙanta. Rana ta take. Mata 'yan zumunta suna cikin coci suna koyon waƙar gobe, maza suna gona, yara na juya citta a kan fa. Waɗanda muka gaisar suka amsa a taƙaice suka ci gaba da abin da suke yi.

A gaban cocin akwai bishiyar mangwaro, jikinta an rataye guntun ƙarfen dogo, wanda wani tsohon ma'aikacin jirgi ya ba su tun zamanin iyaye. Shi ne ƙararrawarsu. In an buga a hankali, lokacin sujada ya yi. A da kuwa, in motar citta ta iso, Mai Sikeli kan buga shi da sauri ba tsayawa, manoma su fito da buhuna a ka suna tsokanarsa. Na sha gani da idona. Da ya hango ƙarfen sai fuskarsa ta saki, ya ce, "Malam, ka tuna? Bari in kira mutanena yadda na saba." Ya ɗauki sandar ƙarfen da ke gindin bishiyar ya shiga bugawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal-ƙwal, yana dariya. Sannan ya miƙo mini sandar ya ce in gwada.

Ban kai ga bugawa ba. Waƙar coci ta yanke kamar an toshe bakin masu yi. Sai ihu. Mata suka ɓarke ta ƙofa da taga, wata da goyo, wata ba ɗankwali, ana kiran sunan Yesu, ana kiran sunayen yara. Yaran kan fa suka watsa cittar suka faɗa cikin dawa. Wani tsoho ya wuce mu yana jan ƙafa, bai ko dube mu ba. Kafin ka ce kwabo garin ya zama kango, sai kaji da takalman da aka zubar. Muka tsaya muna kallon juna, ba wanda ya gane abin da ya faru.

Daga bakin gonaki samari suka ɓullo a guje, da adduna, da gora, biyu da bindigar toka. Abin da suka tarar a gindin mangwaro shi ne baƙo da kaftani da hula, riƙe da sandar ƙarfe. Ni ke nan. Jama'a, na sha jin ana cewa hantar mutum ta kaɗa, ranar na san yadda take kaɗawa. Na so in yar da sandar, yatsuna suka ƙi buɗewa. Suka zagaye mu suna magana da yarensu, kalma ɗaya nake tsinta, ita ce Bahaushe.

Mai Sikeli ya sha gabana ya buɗe hannuwa, bayansa na gugar ƙirjina. Yana ihu, "Ni ne Bulus! Ni na buga! Baƙona ne!" Wani mai jan ido ya ce, "Wane Bulus? Mu ba mu da Bulus a garin nan." Ya san shi sarai. Bakin bindigar da ke hannunsa yana kallon cikin ɗan majalisa. Ina jin zufar mutumina tana jiƙa rigata. Bai matsa ba ko taku ɗaya, wannan kam zan shaida a ko'ina.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tsakuwa. Wata tsohuwa ce ƙarama, ta rankwafa, tana tahowa ba gaggawa. Mama ce. Ita kaɗai ce ba ta gudu ba. Samarin suka buɗa mata. Ta ce, "Ku sauke abin nan. Tun bugun farko na san hannun, mai kiran citta ne." Ta ɗago ta dube ni da kyau. "Wannan kuma Malam ne. Ya ci tuwo a ɗakina kafin a haife ku." Sai a lokacin sandar ta faɗi daga hannuna.

An daɗe ana kiran mutane kafin su fito daga dawa. Wata daga cikin 'yan zumunta ta faɗa kwazazzabo da goyonta, yaron bai ji komai ba, ita hannunta ya karye, direbanmu ya kwashe ta zuwa asibiti a Kafanchan. A gindin mangwaron Fasto ya yi mana bayani. Bayan daren harin nan, gari ya yi yarjejeniya: bugu a hankali sujada ne, bugu da sauri kuwa ma'anarsa sun zo, kowa ya ceci ransa. Wani dattijon coci ya karɓa, muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Ya ce, "Bulus, ba bugun ne ya ba mu ciwo ba. Yaron da aka yaye jiya ya san ma'anar wannan ƙara. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a garin nan, kuma kai ne wakilinmu." Suka ce gobe ya zo sujada kamar kowa, amma ba zai hau gaba ya yi jawabi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Muka bi Mama har gida. Ta shiga ɗaki ta bar mu tsaye a tsakar gida, ta jima, sannan ta fito da kofi ɗaya. Ta wuce shi ta miƙo mini. Na karɓa, kuma wallahi na ji kamar in nutse don tausayinsa. Ta juya ta dube shi, karon farko tun zuwanmu. Ta ce, "Baƙo ake ba ruwa. Kai Bulus, randa tana inda ka bar ta. In ka sha ka ɗauki bokiti, ruwan ya kusa ƙarewa."

Ƙaton mutum ya duƙa ya shiga ɗakin. Na ji ƙarar moɗa a bakin randa, na kuma ji wani sautin da ba zan faɗa muku ba, don abokina ne. Can ya fito ido jawur, da bokiti a kowane hannu, ya nufi rijiya. Mutane na tsaye a bakin danga suna kallo, ba wanda ya karɓa masa, shi ma bai nemi a karɓa ba.

Da mota ta dawo na koma Kafanchan tun da sauran rana, na kwana, washegari na shiga motar haya zuwa Kaduna. Wannan karon ni ne a gefen shinge ina kallon masu manyan lambobi suna wucewa. Shi yana can, ya ce sai an sallami mai karayar nan. Ko za su sake ba shi kujerar, Allah masani, ni dai ban ga alama ba. Abin da na ɗauko a tafiyar nan tsohuwar magana ce da nake ji ina wucewa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aike ba ya maye gurbin ƙafa, don akwai abin da ba a faɗa a waya, sai wanda ya kwana a wurin yake saninsa.

Na iso gida lafiya, na ci tuwo, ban ba iyali labarin duka ba. Ranar Litinin da safe ina shan koko, makarantar firamaren bayan gidanmu ta buga ƙarfen shiga aji da sauri, yadda take yi kullum. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, kofin ya kife. Ni da na ji shi sau ɗaya ke nan, kuma na ƙarya.