Amin Ɗin Da Na Riƙe

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da na cika tara. Mun jingine allunanmu a zauren Malam Idi da ke Zango, zafi ya sa har kaji sun saki baki, sai Malam ya ɗaga hannu don addu'ar tashi. Daga ƙarshe ya ƙara da roƙon da duk unguwa ke yi a lokacin: Allah ya sa hukuma ta saki kuɗin sake gina gidan 'yan kwana-kwana. Yara suka amsa da ƙarfi, "Amin!" Ni kuwa na shafa fuska kamar kowa, amma bakina a rufe yake gam.

Babana ɗan kwana-kwana ne, pompiye kamar yadda ake ce musu a Wagadugu, kuma wurin aikinsu yana bayan katangarmu. Gini ne da ya sha duniya, kwanonsa ya yi tsatsa, jar motarsu kuma ba ta tashi sai samarin layi sun tura ta. Babbar damuwar ita ce tankin siminti da suke tara ruwa, wanda ya tsage ta ƙasa yana yoyo ba dare ba rana. Kowace shekara Baba da abokan aikinsa sai sun rubuta takarda, wani ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya kai ofis, a ce musu sai baɗi. Yoyon nan kuwa ta ƙarƙashin katanga yake bi, ya ɓullo a tsakar gidanmu, daidai gindin lallen da Innata ta shuka wata biyu kafin ta rasu. A lissafina na yarinya, ranar da aka gyara tankin, ranar lallen zai mutu.

Ba ni da ƙawa ko ɗaya. Da yake pompiye ne ke kwasar waɗanda hatsari ya rutsa da su, yaran lekol, wato makarantar boko, suka sa mini suna 'yar mai ɗaukar gawa, in na shiga layin gaɗa sai a daina tafi. Ni ma ga zuciya, ban taɓa roƙon kowa ba. In na dawo na share tsakar gida, na wanke kwanuka, na ɗora wa Baba ruwan zafi, sai in zauna a laimar gindin lallen in yi carafke ni kaɗai, in ci kaina in kuma yi wa kaina maguɗi. Lallen nake ba labarin wanda ya zage ni da makin da na samu. Mutum ɗaya ce ke taɓa kaina, Tanti Asetu mai ɗinki, 'yar ƙabilar Mosi, wadda ke yi mini kitso duk Asabar a ƙofar shagonta. Takan danna kaina tsakanin gwiwoyinta ta ce, "Zauna daidai, mai taurin kai kamar babanta."

Sati uku bayan Larabar nan, da rana tsaka, wuta ta kama shagon Tanti Asetu. Samari suka tura mota, aka iso da wuri, amma ruwan da aka samu a tankin bai kai rabi ba. Ina tsaye na ga mesa ta yi tari ta yi laushi a hannun Baba. Kafin wata mota ta zo daga wajen unguwar Paspanga, keken ɗinkin da atamfofin mutane sun zama toka. Da yamma Baba ya zauna a tabarma, hannuwansa baƙi ƙirin, bai taɓa tuwo ba. "Da tankin nan a cike yake, da mun ceci keken," ya ce. Tanti Asetu ta koma ƙauyensu, ban sake ganinta ba. Na tabbata amin ɗina ce ta kasa, ita ce ta hana kuɗin fitowa, kuma tsoro ya hana ni gaya wa kowa. Kitson da ta yi mini na ƙarshe sai da ya warware da kansa.

Kuɗin ya fito bayan shekaru masu yawa, sai dai Baba bai rayu ya gani ba. Watan jiya na je Zango na tarar da sabon gini, tankin ƙarfe a sama, motoci masu tashi da makulli, yara na wucewa ko kallon wurin ba sa yi. Rani biyu ke nan da yoyo ya tsaya. Na yi sallama a tsohon gidanmu, sai ga lallen ya wuce katanga, kore shar a kan busasshiyar ƙasa. Da na tambayi wa ke ba shi ruwa, matar da ke haya a ciki ta yi dariya ta ce, "Ai Hajiya, lalle ba ruwansa da ruwa. Ni ko kofi ɗaya ban taɓa zuba masa ba." Na san yanzu bakin yarinya ba ya tsaga tanki, amma wannan sanin bai rage mini kewa ba. Na tsinki ganye kaɗan na damƙe, na faɗi amin ɗin a hankali. Ni kaɗai na ji ta.