Ranar da Fos Ya Zo Danchadi

Jama'a, yau na kusa cin duka saboda kalma guda ta Turanci!

Kun san Kawu Sahabi, shugaban masu albasa na Danchadi. Da hantsi ya miƙo mini wata takarda daga ofis, wai in karanta tunda na yi boko. An hana shanya albasa a bakin titi, wanda aka kama a kwashe tasa. A ƙasa an rubuta dokar "comes into force" yau. Nufinsu dai ta fara aiki.

Sai tsokana ta motsa mini. Na ce, "Kawu, sun ce yau dokar za ta shigo da fos."

Ya miƙe zumbur. "Fos? Soja ke nan hwa!"

Na ce, "Haka takarda ta ce."

Ku zo ku ga gudu! Tsofaffi da buhu a ka, liman da kansa yana jan tabarma. Kafin azahar titi tas!

Sai ga wani siririn duba-gari bisa tsohon babur, har tari yake. Ya duba titi ya ce, "Madalla! Ban taɓa ganin masu bin doka irinku ba."

Kawu ya leƙa bayansa. "Malam, ina sauran fos ɗin?"

"Wane fos, Alhaji? Ni ɗai anka aiko."

Kawu ya juyo gare ni a hankali, ya tuɓe takalmi. "Bello, matso kusa, ɗana."

Daga cikin motar zuwa garin Shagari nake rubuto muku. Kowa ya tambaya, ba ku gan ni ba!