Adireshin da Tawada Ya Rubuta

Ranar ƙarshe da komai yake daidai, ɗana ya biyo ta gidanmu da sassafe ya gyara wa mahaifiyarsa famfon kicin. Da ya gama ta miƙa masa sabulu.

"Wanke hannun nan kafin ka taɓa mini kofuna, Tawada."

"Mama, wannan ba datti ba ne, shaidar aiki ce."

Sunan ya bi shi tun yana koyon aiki a maɗaba'a, don baƙin ba ya barin ƙasan farcensa. Da hantsi ya buɗe shagonsa, ɗan ɗaki mai injin buga kati da injin yankan takarda. Da azahar matarsa ta kai masa abinci, ya ci a tsaye yana daidaita wuƙar injin. Bayan la'asar motar kotu ta tsaya a ƙofar shagon, aka kwashe injinan biyu.

Shekarun baya, maigidansa na maɗaba'a ya ci bashin banki da sunan kamfani, ya roƙe shi ya tsaya masa. Mutumin da ya koya maka sana'a ba a ce masa a'a. Tawada ya sa hannu. Daga baya kamfanin ya durƙushe, maigidan ya bar gari, banki ya kai ƙara. Aka liƙa sammaci a ƙofar maɗaba'ar da ta daɗe a garƙame. Babu wanda ya je kotu, aka yanke hukunci a bayan idonsa.

Na kai shi wurin lauya. Ya ce ana iya soke irin wannan hukunci idan mutum ya nuna sammaci bai same shi ba, kuma yana da abin kare kansa. Yana da shi: an ƙara bashin daga baya ba da saninsa ba.

"Amma ɗan samari, me ya kai ka rubuta adireshin maɗaba'a a matsayin gidanka a takardar bashin?"

"Ranka ya daɗe, lokacin can nake wuni, can nake kwana in aiki ya yi yawa. Ko Baba in yana nemana can yake aikawa."

Gaskiya ya faɗa.

Ya yi rantsuwa a rubuce, aka shigar da buƙata. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Injinan suna farfajiyar kotu, damina ta sauka a kansu. In ya wuce ta wurin yakan leƙa ta katanga.

Na ce masa ya zauna, fanshona zai riƙe gida biyu kafin a gama. Bai iya zama ba. Ya samu aikin kafa allunan talla a gefen titi.

"Baba, tsani ne fa kawai, ba jirgin sama ba."

Wata safiya iska ta cika allon da yake ɗaurewa, ta juya shi, tsanin ya goce. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ranar da aka kira sunansa a kotu, ni na miƙe. Alƙali ya ce ba a isar da sammaci yadda ya dace ba, ya soke hukuncin, ya ba da umarnin a mayar da kaya. Lauya ya juyo zai ce mun yi nasara, ya dubi fuskata, ya haɗiye maganar. A waje ya bayyana mini cewa hukuncin aka soke, ba ƙarar ba. Za a sake ta daga farko, a kan abin da Tawada ya bari.

Tufafinsa mahaifiyarsa ta rabar, ban da rigar aiki, wadda matarsa ta ɗauka ba ta wanke ba. Shagon mun mayar wa mai shi da mukullinsa. Injin buga kati tsatsa ta gama da shi, masu sayen tsohon ƙarfe ne kaɗai suka taya, lauya ya ce kada a sayar da komai sai an gama shari'a. Injinan duka biyun suna garejina a ƙarƙashin tampol. Na yankan takarda har yanzu yana motsi. Wani abokin aikinsa ya nuna mini inda ake ɗiga mai, nakan ɗiga.